Dolce, Teneramente, Affettuoso: Yadda Taushin Zuciya Ya Shiga Takardar Kiɗa

A shekarar 1893, a wani ƙaramin garin shan iska na ƙasar Ostiriya mai suna Bad Ischl, Johannes Brahms ya tsara wasu gajerun kiɗe-kiɗen fiyano guda shida, ya aika da su ga makaɗiyar fiyano Clara Schumann. Shi yana da shekara 60, ita ta haura 70. Sun san juna tun 1853, ranar da ya yi sallama a gidanta da mijinta Robert yana saurayi ɗan shekara 20. A saman na biyu daga cikin shidan ya rubuta kalmomi biyu: Andante teneramente. Shi Bajamushe ne, ita ma Bajamushiya, wasiƙun da suka yi shekara 40 suna aika wa juna da Jamusanci suke, amma da ya zo faɗa wa makaɗi yadda zai taɓa wannan kiɗa, sai ya ari bakin Italiyawa.

Kalmar farko ba ta da wuya. Daga andare ta fito, wato tafiya, tana nufin a kaɗa da saurin mai tafiya a ƙasa, ba gudu ba jan ƙafa. Ta biyun ce abin tsayawa a duba, ita da 'yan'uwanta. Duk wanda ya taɓa zaman koyon karatun kiɗa a rubuce, a makaranta ne ko a ƙungiyar mawaƙan coci ko a wajen 'yan badujalar soja da 'yan sanda, ya gamu da su. Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyar da su. Ana jera su a allo kamar kayan cefane, piano, dolce, teneramente, affettuoso, soave, amoroso, a gaban kowace a sa fassara iri ɗaya: a hankali. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya zauna gaban fiyano ya rage sauti, a ganinsa ya sauke nauyi. Alhali kowace a cikinsu da gidan da ta fito da abin da take nema daga hannun makaɗi, kuma ɗaya ce tak a jerin take maganar yawan sauti.

Wannan ɗayar ita ce piano. Asalinta kalmar Latin ce, planus, shimfiɗaɗɗen wuri wanda ba tudu ba kwari. Har gobe Ba'italiye yana kiran hawan bene piano, saboda daɓe ne shimfiɗaɗɗe. Daga shimfiɗa ma'anar ta gangaro zuwa abin da ba shi da gargada, daga nan zuwa abin da ake yi ba garaje. Idan yaro ya kwasa da gudu, uwarsa za ta ce masa piano piano. Suna da karin magana cewa wanda ya tafi piano ya tafi lafiya kuma ya yi nisa, abin da mu muke cewa sannu-sannu kwana nesa. A nan fassarar allo ta yi daidai, domin "a hankali" ma haka take ɗauke da kaya biyu a Hausa: yi tafiya a hankali, yi magana a hankali.

Daga cikin wuraren da aka fara ganin kalmar a takardar kiɗa akwai wani littafin hannu da aka rubuta a Benis wajen 1517, na kiɗe-kiɗen Vincenzo Capirola, makaɗin lut, wato abin kiɗan nan mai tsirkiya da Turawa suka samo daga udun Larabawa har da sunansa. Almajirinsa Vidal ne ya kwafe littafin, ya ƙawata gefen shafukan da zanen tsuntsaye da dabbobi, ya kuma faɗi dalilinsa: ko littafin ya faɗa hannun wanda bai san kiɗa ba, zai adana shi saboda zanen. Dabarar ta yi aiki, littafin yana nan a Chicago. A wani wuri cikinsa an rubuta tocca pian piano, taɓa a hankali a hankali. Bayan shekara 80, a 1597, Giovanni Gabrieli na majami'ar San Marco ya buga wani kiɗa da ya raba makaɗa gida biyu, ya sa masa suna Sonata pian' e forte, yana nuna inda za a sassauta da inda za a ƙarfafa. Wajen 1700 kuma Bartolomeo Cristofori, mutumin Paduwa da ke aiki a fadar Medici a Fulorens, ya ƙera wani sabon abin kiɗa. Wanda ake da shi kafin nan, harpsikod, tsinkar tsirkiya yake yi da tsinken gashin tsuntsu, ko ka danna da ƙarfi ko ka lallaɓa kusan sauti ɗaya zai ba ka. Cristofori ya sa 'yan gudumomi a madadin tsinken, sai yatsa ya sami iko a kan sauti. Aka kira abin mai piano da forte, mai sassauci da ƙarfi. Da tafiya ta yi tafiya rabin sunan ya zube, fiyano ya saura. Uku daga cikin waɗanda ya ƙera da hannunsa suna nan, a New York da Roma da Leipzig.

To me ya sa ma aka buƙaci rubuta irin waɗannan kalmomi? A wajenmu yaron da ke koyon goge ko gurmi ko kalangu yana zaune ne a gefen ubansa ko ubangidansa. In ya matsa hannu da yawa, harara ta isa, ko a ce masa sassauta, ko a kama hannun nasa a nuna masa. Turawa ma haka suka yi ɗaruruwan shekaru. Da Guido na Arezzo ya daidaita rubutun kiɗa a kan layuka a farkon ƙarni na 11, abin da takarda ke faɗa shi ne hawa da saukar murya, daga baya aka ƙara tsawon kowace ƙwayar sauti. Sauran duk a bakin malami yake. Sai Ottaviano Petrucci ya fara buga littattafan kiɗa da injin ɗab'i a Benis a 1501, kiɗa ya soma zuwa garuruwan da mai shi bai taɓa takawa ba, ya faɗa hannun mutanen da ba su taɓa jin yadda yake kaɗa shi ba. Takarda kuwa ba ta da hannun da za ta kama na ɗalibi.

Amma ɗab'i kaɗai bai isa dalili ba, domin an yi kusan shekara 100 bayan Petrucci ana buga kiɗa ba tare da waɗannan kalmomi sun yawaita ba. Abin da ya sauya shi ne abin da mutane ke nema daga kiɗan kansa. A ƙarni na 16 gwanintar matsarin kiɗa ita ce ya saƙa muryoyi huɗu ko biyar ko shida su riƙa ratsa juna kamar zaren saƙa. Abin da daɗi, sai dai kalmomin waƙar kan nutse a ciki. A Fulorens wasu masana da mawaƙa suka riƙa taruwa a gidan Giovanni de' Bardi, cikinsu har da Vincenzo Galilei, mahaifin Galileo masanin taurari, da mawaƙi Giulio Caccini. Sun karanta a littattafan Girkawan da cewa waƙa tana sa mutum kuka, tana kwantar da mai fushi, suka tambayi kansu me ya sa tasu ba ta yin haka. Amsar da suka cimma ita ce a bar murya ɗaya ta rera, ta bi hawa da saukar maganar mutumin da abu ya taɓa masa zuciya, kayan kiɗa su tallafe ta daga ƙasa. A 1602 Caccini ya buga tarin waƙoƙi da doguwar gabatarwa, yana bayanin yadda mawaƙi zai kumbura murya ya kuma janye ta a kan ƙwayar sauti ɗaya. Daga wannan yunƙuri opera ta fito, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa daga farko har ƙarshe: Jacopo Peri a 1600, Claudio Monteverdi a Mantuwa a 1607, sannan gidan opera na farko da kowa zai biya kuɗi ya shiga, a Benis a 1637.

Kalmar da ke bakin waɗannan mutane kullum ita ce affetto. Daga Latin affectus take, tushenta kuma aikatau ne mai nufin yi wa wani abu, shafar wani. Affetto shi ne halin da zuciya ke shiga idan wani abu ya same ta, baƙin ciki ne ko bege ko fushi ko ƙauna. Aikin mawaƙi a wajensu shi ne ya motsa wannan hali a zuciyar mai saurare. Babu inda na ga an faɗi wannan sarai kamar a littafin Monteverdi na 1638. A ciki akwai kukan wata yarinya da masoyinta ya guje ta, maza uku suna tsaye gefe suna tausaya mata, ƙasan kiɗan kuma sautuka huɗu ne masu gangarowa suna ta maimaituwa. Monteverdi ya rubuta umarni cewa kukan nata a rera shi bisa lokacin affetto na rai, ba bisa lokacin hannu ba. Hannun da yake nufi shi ne na mai ba da bugu, wanda ke ɗagawa yana saukewa don kowa ya tafi tare. Wato ya ce wa mawaƙiyar: inda zuciya ta tsaya ki tsaya, inda ta yi gaggawa ki bi ta. A ganina duk kalmomin da muke magana a kansu 'ya'yan wannan jimla ce.

Daga affetto aka sami affettuoso. A Italiyancin yau da kullum ana faɗin ta ga yaro mai son jiki, mai rungumar mutane, ko ga gaisuwar da aka rufe wasiƙa da ita zuwa ga ɗan'uwa. A takardar kiɗa tana neman a kaɗa da shauƙi da jin ƙai. Johann Sebastian Bach, wanda bai taɓa taka Italiya ba, ya sa ta a kan sashen tsakiya na biyar daga kiɗe-kiɗe shida da ya aika wa basaraken Brandenburg a 1721. A wannan sashe sauran makaɗa duk sukan ajiye kayansu, a bar uku kawai, sarewa da goge da harpsikod, suna miƙa wa juna zance. Ka lura, harpsikod ba ya iya rage sauti da yatsa. Da affettuoso na nufin a rage sauti, da Bach ya umarci makaɗin da abin da ba zai yiwu ba. Abin da ya rage masa shi ne lokaci: ɗan jinkiri kafin wata ƙwayar sauti, ɗan riƙe wata, yadda mai lallashi ke jan wata kalma.

Yadda kalmomin suka bazu kuwa ba abin mamaki ba ne. A ƙarni na 17 da na 18 fadojin Turai daga Biyena zuwa Dresden zuwa Landan zuwa Saint Petersburg mawaƙan Italiya suke ɗauka aiki, matasan Jamus kuma Italiya suke zuwa koyo, kamar yadda matsarin kiɗa Handel ya yi. Kayan sana'a da sunan maƙerinsa yake tafiya. A 1703 har wani limamin coci Bafaranshe, Sébastien de Brossard, ya ga ya kamata ya wallafa ƙamus don bayyana wa mutanensa waɗannan baƙin kalmomi.

Sai dolce, wadda ta fi kowace yawan fitowa. Mai karatun Hausa ya huta da wahalar furta ta, domin harafin c a nan daidai yake da namu na ciki da cokali, yadda ka gan ta haka za ka faɗe ta. Daga Latin dulcis ta fito, mai zaƙi, kuma har yau dolce ne sunan kayan zaƙin da Italiyawa ke ci bayan abinci. Sun daɗe da ɗauke kalmar daga harshe zuwa kunne. Tun farkon ƙarni na 14 Dante ya kira salon waƙar soyayya na zamaninsa dolce stil novo, sabon salo mai zaƙi, kuma sarewar katakon nan mai sanyin murya flauto dolce suke ce mata. Mu ba baƙi ba ne a wannan hanya. Muna cewa wance tana da zaƙin murya, ba kuma wanda zai ɗauka cewa muryarta ba ta fita ne. Mai zaƙin murya na iya cika fili da waƙa. Abin da muke nufi shi ne babu kaushi a muryar, babu tsaga, tana shiga kunne ba ta karce shi.

Rikicin dolce da piano tsoho ne. Jean-Jacques Rousseau, a ƙamusunsa na kiɗa na 1768, ya rubuta cewa Italiyawa da yawa suna amfani da su a ma'ana ɗaya, amma masu tsantseni a cikinsu sun ƙi yarda, suna cewa piano rage ƙara ce kawai, dolce kuwa ta haɗa da wani salon kaɗawa mai laushi wanda sautuka ke manne da juna. Ni ina bayan masu tsantsenin, kuma hujjata a takardun take. Beethoven da Brahms sun sha rubuta p dolce, inda p ke tsaye a madadin piano, kalmomin biyu kafaɗa da kafaɗa a wuri ɗaya. Mutum ba ya ɓata tawada ya faɗi abu ɗaya sau biyu a ƙarƙashin ƙwayar sauti ɗaya. Ta farko ta faɗi nawa, ta biyu ta faɗi wane iri.

Yadda ake fitar da wannan iri ya danganta da abin da ke hannunka. Mai goge yakan rage nauyin baka a kan tsirkiya, ya matsar da shi nesa da jaki, wato ɗan katakon da ke tokare tsirkiyoyin, domin kusa da jaki sauti ya fi kaifi. Mai busa yakan buɗe maƙogwaro ya saki iska mai ɗumi, ya sassauta harshe a farkon sauti. Mai fiyano ne ke cikin wahala. Da zarar guduma ta bugi tsirkiya ta koma, ba shi da sauran iko a kan wannan sauti, tun daga lokacin yake mutuwa. Zaƙin nasa dole ya fito daga dangantakar sautuka: ya ɗaga muryar sama kaɗan bisa na ƙasa, ya bar kowane sauti ya ɗan shiga cikin na gaba kafin ya ɗaga yatsa, ya auna ƙarfin sabon sauti da abin da ya rage na wanda ya gabace shi, ya san lokacin taka feda, wato matakin ƙafa mai barin sauti ya ci gaba da amo, da lokacin sakinta. Wannan ne ya sa cantabile, wato abin da zai reru, ta zama babbar kalma a wajen masu fiyano. Bach ya rubuta a bangon darussan da ya tsara wa ɗalibansa a 1723 cewa babban burin shi ne su sami salon cantabile a kaɗawa, Chopin kuma yakan tura ɗalibansa su je su saurari mawaƙan opera na Italiya. Abin kiɗan katako da ƙarfe ake roƙo ya yi numfashi kamar mutum.

Yanzu mu koma ga kalmar Brahms. Teneramente daga tenero ta fito, tenero kuma daga Latin tener take, kuma ma'anarta ta farko ta jiki ce: ɗanyen ganye, naman da ya yi laushi, fatar jariri, duk abin da bai ƙosa ba wanda in aka matsa shi zai ji ciwo. Daga nan ta koma kan zuciyar mai riƙe da irin wannan abu. Bambancinta da dolce ke nan. Dolce siffar sautin ce, tenero halin mai kaɗawa ne game da abin da ke hannunsa, kamar yadda ungozoma ke karɓar jinjiri. Hannunta ba rauni ne da shi ba, ta san dai abin da ta ɗauka. Wutsiyar kalmar ma da labarinta. Wannan mente da ke ƙarshen teneramente da dolcemente asalinta kalma ce mai zaman kanta a Latin, mens, hankali ko zuciya. Mutanen da sukan ce tenera mente, kalma biyu, da zuciya mai taushi. Da daɗewa suka manne suka zama ɗaya, har masu faɗa suka manta. Idan aka warware ta, abin da Brahms ya rubuta a saman kiɗan da ya ba Clara shi ne: tafi da ƙafa, da zuciya mai taushi.

Wanda ke shakkar cewa teneramente ba rage sauti ba ce, ya duba babban kiɗan Tchaikovsky na shida, wanda aka fara kaɗawa a Saint Petersburg a watan Oktoban wannan shekara ta 1893, kwana tara kafin rasuwarsa. A sashen farko, inda sanannen amon nan mai ratsa jiki ke shigowa, ya rubuta teneramente, molto cantabile, con espansione: da taushin zuciya, a rera sosai, a kuma buɗe ƙirji. Masu goge sun sa abin danne sauti a kan jaki, amma amon yana hawa yana kumbura har ya cika zaure, taushin bai bar shi ba. Can gaba kaɗan, da ya so ainihin rage sauti, harafin p ya jera har shida a ƙarƙashin sautuka huɗu na basun, doguwar sarewar katako mai kaurin murya. Abin ya yi ƙasa har masu jagorantar makaɗa da yawa kan ba wa wani abin busa daban wannan wuri, don da wuya basun ya iya rage sauti har haka. Mutum ɗaya, sashe ɗaya, ya nuna cewa ma'auni daban, hali daban.

Sauran 'yan gidan ba sa buƙatar dogon bayani. Amoroso daga amore ce, soyayya, kuma Mozart yana ɗan shekara 19 ko ƙasa da haka ya sa Andante amoroso a tsakiyar ɗaya daga kiɗe-kiɗensa na fiyano na farko. Soave daga Latin suavis, abin da ke da daɗin ji ko ƙamshi, kamar iskar da ke biyo bayan ruwan sama. Lusingando daga aikatau mai nufin yaudara da daɗin baki, a kiɗa kuwa rarrashi take nufi. Idan aka ƙara issimo a wutsiya an kai abu maƙura, yadda muke cewa fari fat ko baƙi ƙirin: dolcissimo, pianissimo. Beethoven ya haɗa wutsiyoyin biyu a saman kiɗan fiyanon nan nasa na 1801 da mutane suka laƙaba wa sunan hasken wata, ya ce a kaɗa shi duka delicatissimamente, harafi 18 don a ce wa yatsa ya bi a sannu iyakar iyawarsa.

Akwai kuma wani rukuni da ke ba ni sha'awa ƙwarai, na kalmomin ƙarewar sauti, domin kowace hoto ce. Calando, yana sauka, kamar rana ko guga a rijiya. Smorzando, ana kashe shi kamar fitila. Perdendosi, yana ɓacewa, kamar mai tafiya da ya yi nisa har ido ya daina ganinsa. Morendo, yana mutuwa. Wannan ta ƙarshe Monteverdi ya yi amfani da ita a wani wasa da aka yi a Benis a 1624, labarin jarumin da ya yi faɗa cikin dare da wani mai sulke, ya soke shi, sai da ya cire masa kwalkwali ya ga ashe matar da yake so ce. A kan sautinta na ƙarshe ya rubuta cewa a ja baka morendo. A wurin kalmar ba ado ba ce, mace ce ke cikawa, gogen yana cikawa tare da ita. Verdi ya gaji wannan. A opera ɗinsa Aida, wadda aka fara nunawa a Alƙahira a watan Disambar 1871, waƙar farko ta jarumin tana ƙarewa da wani sauti can sama, Verdi ya sa masa pp, wato pianissimo, da morendo, domin mutumin mafarkin masoyiyarsa yake a tsaye. Mawaƙa da yawa sukan ƙwala shi da iyakar ƙarfinsu, saboda rera shi a hankali a wannan tsayi yana da matuƙar wuya, ƙwalawar kuma tana jawo tafi. Duk lokacin da na ji an yi haka sai in ji an ƙwace wa waƙar ma'anarta. A wata opera ɗin, inda matar Macbeth ke tafiya cikin barci tana wanke jinin da ba ya wankuwa, abin da ya nema a sautinta na ƙarshe shi ne fil di voce, zaren murya. Kusa da waɗannan akwai sotto voce, ƙasa da murya, yadda ake magana a ɗakin marar lafiya, da mezza voce, rabin murya.

Ba kowa ne ya yarda da mulkin Italiyanci ba. François Couperin a Faransa tendrement yake rubutawa, Debussy ma daga baya da Faransanci ya riƙa ba da umarninsa. Robert Schumann ya fi son zart, mai laushi, da innig, kalmar Jamusanci mai nufin abin da ya fito daga can cikin mutum, wadda ba ta da takwara sak a Italiyanci. Wanda ya fi kowa kokawa da lamarin shi ne Beethoven. Daga 1814 ya fara sa umarnin Jamusanci a kiɗe-kiɗensa na fiyano, har fiyanon kansa ya so a riƙa kira da sunan Jamusanci, Hammerklavier. A 1815 Johann Maelzel ya yi rajistar metronom, na'urar da ke ƙidaya bugu a minti, Beethoven ya karɓe ta hannu biyu. A wasiƙar da ya rubuta wa Ignaz von Mosel a 1817 ya ce a shirye yake ya watsar da allegro da andante da adagio da presto, tunda lamba za ta faɗi sauri fiye da su. Amma ya ware kalmomin da ke bayyana halin kiɗa, ya ce waɗannan ba za a iya barinsu ba, domin sauri kamar jiki ne, su kuwa ruhin kiɗan suke nufi.

Bai ma watsar da ko ɗaya ba a ƙarshe. A lokacin kunnensa ya riga ya tafi, baƙi sai su rubuta masa magana a littafi ya karanta ya amsa, ba ya jin yadda makaɗa ke taɓa abin da ya tsara balle ya ce musu sassauta. Sai kalmomin suka ƙaru a takardunsa, wani lokaci harsuna biyu a wuri ɗaya. A saman sashen ƙarshe na kiɗan fiyanonsa na 1820 ya rubuta da Jamusanci cewa a cika shi da waƙa, da ji mafi zurfi na can ciki, ya sake faɗa da Italiyanci, molto cantabile ed espressivo, sannan a ƙarƙashin sautukan farko ya ƙara mezza voce. A na shekarar da ta biyo, 1821, ya buɗe da con amabilità, da halin wanda ake so a zauna kusa da shi, a gefenta kuma ya sa 'yar gajeriyar kalmar garinsu, sanft, mai laushi.